Mutari a Ɗakin Halwa

Shafi na 17

Masu zagin Malam Alkasum a ƙarƙashin shafin jiya, na gani, na karanta duka. Wata har cewa ta yi in kashe shi kowa ya huta. Haba baiwar Allah! Mutumin nan fa son ɗansa yake yi, son ne ya zo masa a karkace. Ku dai gyara zama.

*

Sallamar da aka yi a tsakar gida ba ta mace ba ce, kuma ba ta Baba ba ce.

Mutari ya ɗago kai daga takardar da ya kusa manna wa hancinsa. Damina biyu ke nan yana cikin ɗakin nan, ya san takun kowa na gidan, har na akuyar Inna. Wannan takun baƙo ne, takalmin 'yan lakkwal ne, 'yan makarantar Nasara, mai ƙwas-ƙwas.

Ɗakin kakansa ne, inda marigayin yake shiga halwa, ya rufe kansa da carbi da Alƙur'ani ba ya ganin kowa. Babu taga sai wata 'yar kafa can sama. Tun da Malam Alkasum ya hana Mutari tafiya kwalejin Yamai, ya ce karatun ya riƙa zuwa masa ta fosta, wato gidan waya, daga Faransa, nan ya ajiye shi. A wurin Malam ilimi ilimi ne, na Larabci ko na Nasara, ƙofarsa ɗaya: kaɗaici da ƙarancin ci. Ba nama, ba nono, ba mai, ba hira. Yadda tsohonsa ya yi ya zama malami, haka ɗansa zai yi ya zama kumi a biro, wato akawu a ofishin Nasara.

Sai dai shi tsohon kwana arba'in yake yi ya fito. Wannan kuwa an manta da lissafi.

"Kyari, don girman Allah ka tsaya," muryar Inna Barira ce, ƙasa-ƙasa. "Malam ya hana."

"Inna, gaisawa kawai za mu yi."

"Ko ni ba na shiga. Ƙwarya nake turawa in juya."

"To ni ba ƙwarya ba ne, Inna. Daga Yamai na zo."

Aka yaye asabari.

Haske ya faɗo ɗakin, Mutari ya kare fuska da hannu biyu. Hawaye suka zubo masa, ba na kuka ba, na zafi. Wani dogon abu ya tsaya a bakin ƙofa, ba fuska, ba ido.

"Wa... wa ke nan?"

"Wa ke nan? Ni kake tambaya wa ke nan?"

Muryar ta buɗe, ta zama ta manya. Amma dariyar da ta biyo baya ba ta canza ba. Dariyar Kyari ce, ɗan Malam Kolo mai goro, wanda suka zauna benci ɗaya, suka ci jarrabawar satifika rana ɗaya. Shi aka sa shi a kamiyo, babbar motar nan, zuwa Yamai. Mutari aka sa shi a nan.

"Kyari."

"Shi ne! Kai, wannan ɗaki ko rumbu? Me ke wari haka?"

"Fitila ce."

"Da rana tsaka?"

Mutari ya so ya ba shi amsa mai daɗi, irin ta da, wadda za su tuntsire da dariya. Ya buɗe baki, bai sami komai ba. Wallahi magana ma in aka daɗe ba a taɓa ta ba tsatsa take yi. In ban da karatun salla, da "to Baba", ba ya tuna ranar da ya haɗa zance da mutum. Abokin hirarsa wata tsaka ce da ke bin bango. Ya raɗa mata suna Mushe, yadda 'yan lakkwal ke kiran malaminsu, tunda mushen nasa mai duba masa aiki daga Faransa ba shi da fuska, gara ya ara masa wannan.

Kyari ya zauna a kan tabarma, ya daɗe yana kallonsa. Dariyar ta gudu.

"Mutari, ciwo ka yi?"

"Lafiyata ƙalau."

"Wuyanka kamar na zabo. Me ya sami bayanka, ka ranƙwafa kamar tsoho? Kai ne fa ba a iya ture ka a langa duk unguwar Birni."

"Zama ne."

"To ga tsarabarka. Kilishi ne, a tasha na saya. Cafe!"

Ya jefa masa ƙunshin.

Ƙunshin ya bugi ƙirjin Mutari, ya faɗi kusa da gwiwarsa. Bai ko ɗaga hannu ba. Sai bayan ya ji bugun sannan ya zabura, ya fara lalube a kan tabarma. Hannunsa ya bi ta dama, ya ture ƙwaryar farau-farau, ya dawo, ya wuce ƙunshin da kamar faɗin yatsa.

Kyari na bin hannun da kallo. 

"Baba ya hana ni cin nama," in ji Mutari, ya janye hannunsa. "Shi ya sa ban ɗauka ba."

"Mutari."

"Na'am."

"Wace irin riga ce a jikina?"

"Riga mana."

"Fara ko baƙa?"

"...Fara."

"Shuɗiya ce."

Kash! Mutari ya sunkuyar da kai. Abin da ya ɓoye wa uwa, ya ɓoye wa uba, ya ɓoye wa kansa, ga shi ƙunshin kilishi ya tona.

"Tun yaushe?"

"Ka rage murya."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun bara. Dundumi ne ya fara. Da magariba ta yi sai in rasa butata. Na ce gajiya ce. Sai kuma rubutu ya fara yawo, kamar tururuwa a kan takarda. Yanzu sai na kawo ta nan," ya taɓa hancinsa, "sannan in tsinci ɗaya-ɗaya. Idon hagu kuwa kamar an shafa masa koko."

"Innalillahi. To aikin da kake aikawa fa?"

"Ina rubutawa da ka. Inda hannu ya faɗi."

"Shi mushen bai ce komai ba?"

Mutari ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ya ce. Da jan alƙalami. Ya ce na zama malalaci, rubutuna ya lalace, in daina yawon banza in zauna in yi karatu."

"Yawon banza!"

"Ina laifinsa? Mutumin da bai taɓa ganin fuskata ba, ta ina zai san idona? Ni lamba ce a wurinsa, Kyari. Takarda ta je, takarda ta dawo. Ko mutuwa na yi, sai dai ya ga shiru ya ce na gudu."

Kyari ya dafe kai.

"A ajinmu akwai wani yaron Tawa, haka yake matse ido in yana kallon allo. Mako bai cika ba mushe ya lura, ya dawo da shi gaba, ya aika shi likita. Yanzu da tabarau yake yawo, har ƙwallo yake tsare mana gida."

"Ƙwallo," in ji Mutari a hankali. "Kuna yin ƙwallo?"

"Kullum da la'asar."

"Ku nawa a ɗakin kwana?"

"Da yawa. Hayaniya ba ta barin mutum barci."

"Hayaniya..."

Ya faɗi kalmar kamar mai faɗin sunan abinci. Ni da nake rubuta muku, a nan na ajiye alƙalami na sha ruwa.

Kyari ya matso, ya kama masa hannu.

"Saurara. A kamiyon da na zo akwai wani likitan ido, yana zagayen garuruwa. Ya sauka a nan Damagaram, gobe da hantsi zai wuce Gure. In ya tafi, sai Allah. Tashi mu je yanzu."

"Ba zan iya ba."

"Me ya riƙe ka?"

"Baba ya rantse ba zan taka ƙofar gida ba sai ranar jarrabawa."

"To mu gaya masa!"

"A'a!" Mutari ya damƙe hannunsa da ƙarfin da Kyari bai zaci yana da shi ba. "Kada ka kuskura. Ka san me ya gaya wa mutane? Duk wanda ya zo sayen takalmi ko alabe sai ya ji labarina. Nasara za su tafi, kujerun biro za su zama babu kowa, ɗansa zai hau ɗaya. Ko sunana ya daina kira, Kumi yake ce mini. Ya cire ni daga dukanci tun ina ƙarami, ya ba ƙanena basilla. Hannuna bai san fata ba, Kyari. In na ce ba na gani, ni mene ne? Ba baduku ba, ba kumi ba. Makaho a zaure."

"Da ka faɗa da kada ka faɗa, makantar tana zuwa."

"Saura kaɗan jarrabawar. In na lallaɓa..."

"Ka lallaɓa da wane ido?"

Sai suka ji wani sauti daga bayan asabari, kamar an toshe baki da gefen zane.

Inna Barira ce. Ashe ba ta tafi ba.

Ku da kuka san gidajenmu kun san ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu ko ciki na ƙuna. Tun da aka haifi Mutari "kai wannan" yake ji daga bakinta. Ita ta ga ƙwarya tana dawowa a kife, ta ga yana dafa bango in zai zaga bayan gida, kunya ta ɗaure mata baki, ta ce wa ranta zurfin karatu ne.

"Mutari," ta ce.

 Bai taɓa sanin haka sunansa yake a bakinta ba.

"Mutari, ba ka ganina?"

"Ina jin ki, Inna."

"Ban ce ji ba."

 Ta durƙushe nan bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan dokin ƙofar, ba ta shiga ba, ba ta koma ba.

"Ni na dama maka ruwan nan da hannuna," ta ce. "Kullum ina kallon nono ina wucewa. Wayyo ni Barira."

"Inna, ki taya ni roƙonsa," in ji Kyari. "Ko ta ƙofar baya ne mu..."

Gyaran murya daga zaure ta katse shi. Ba mutum ɗaya ba, hayaniyar dattawa ce, ana ta "bismilla, bismilla, ku shigo". Inna ta miƙe da sauri ta goge fuska, ta faɗa madafa.

Takun Malam Alkasum ya nufo ɗakin. Yau takun da sauri yake, har da ɗan tsalle.

"Kumi! Kumina!"

Ya tsaya daga waje, kamar kullum. Ɗakin halwa ba a faɗa masa kai tsaye. Da ya leƙa ma duhu ne zai tare shi.

"Na'am, Baba."

"Takalmin wa nake gani? Kyari? Kai, wa ya ba ka izini?"

"Ina wuni, Baba. Gaisuwa na kawo."

Da wata rana ce da gidan ya kama da wuta. Yau kuwa dariya Malam ya yi.

"To madalla, gara da kake nan. Jaridar nan da ka kawo wa ubanka daga Yamai, mai labarin 'yancin kai, ita ta tada gardama a majalisa. Kolo ya ce a jira ɗansa ɗan kwaleji ya karanta mana. Na ce a'a. Na ce akwai wanda bai je ko'ina ba, bai sa gajeren wando ba, bai bar salla ba, kuma ya fi 'yan Yamai. Suka ce sai sun gani. To ga su can na kwaso su duka."



"Baba, ai... ai ban gama halwar ba."

"Zaure ai gida ne, ban karya rantsuwa ba. Sa farar rigarka ka fito. Yau zan wanke bakin masu cewa na rufe ɗana a banza." Muryarsa ta yi laushi. "Na san ka sha wuya, ɗana. Ni ma ina jin tarinka, ina danne zuciyata. Yau za ka ga amfaninta."

Takun ya koma.

Kun ji ko? Ku masu cewa in kashe shi.

Mutari ya juyo inda yake jin numfashin abokinsa.

"Ka karanta ta?"

"Me?"

"Jaridar. Ka karanta ta a hanya?"

"Na karanta."

"Faɗa mini abin da ke shafin farko. Yadda yake. Kaina bai mutu ba, sau ɗaya zan ji in riƙe. In na riƙe takardar a gabana, wa zai gane? Babu mai karatun Nasara a cikinsu."

"Ba zan faɗa ba."

"Kyari!"

"In na faɗa maka ka fita kunya, me zai biyo baya? Su yi maka tafi, Baba ya ƙara yarda halwarsa ta ci, ya maido ka nan ya ja asabari. Gobe likita ya wuce. Ni da bakina in taya su rufe ka?"

"In ba ka faɗa ba, ka tozarta ubana a gaban naka."

"Idonka fa?"

"Idona nawa ne."

"Wallahi kai mahaukaci ne."

"Na yarda. Ka yi mini wannan kaɗai. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ranar da kamiyonku ya tashi ina jin ƙararsa daga nan, ban roƙe ka ka tsaya ba."

 Sai Kyari ya fara faɗa: ranar da za a sauke tutar Nasara, da launin sabuwar, da yadda za a yi biki a kowane gari. Da faransanci yake faɗa, Mutari na maimaitawa, leɓunansa na motsi da sauri. Yaron da ya shekara biyu yana haɗiyar takarda shi kaɗai, haddar shafi ɗaya ba komai ba ce. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ya lalubo farar rigarsa a kan igiya ya zura. Ta yi masa yawa, kafaɗun sun zubo.

"Kawo hannunka," in ji Kyari.

"A'a. In suka ga ana jana, magana ta ƙare."

Ya fito.

Rabonsa da tsakar gida a irin wannan lokaci har ya manta. An yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi. Rana ta dake shi a ka, duniya ta zama fari fat, ƙafafunsa na karkarwa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Daga can bayan katanga yara na ihun wasa. Ya ɗan tsaya, don ya ƙara ji. Ya ji Inna a bakin madafa tana jan hanci, bai juya ba. Ya bi bango da gefen hannu, a fakaice, kamar mai kaɗe riga.

Gidan ubansa ne. Ya san hanya. Ya san dokin ƙofar zaure yana da tudu, ya ɗaga ƙafa daidai.

Abin da bai lissafa ba shi ne duhu.

Daga hasken rana zuwa inuwar zaure, ɗan abin da ya rage masa ya ɗauke ɗif. Babu fari, babu baƙi. Sai warin jima da na goro, da numfashin mutane da yawa, da wani yana cewa, "Masha Allah, ga Kumi, ga Kumi." Wani kuma ƙasa-ƙasa, "Kai, yaron ya rame."

 Ya ce wa kansa, kwantar da hankalinka. Ɗa ba ya karɓar komai sai ya fara durƙusa wa ubansa. Kuma Baba wuri ɗaya yake zama tun Mutari na rarrafe: kan buzunsa, dama da ƙofa, jikin bango.

Ya juya dama. Ya taka a hankali, kai a sunkuye kamar mai ladabi, har yatsun ƙafarsa suka taɓa gashin buzu. Alhamdulillahi. Ya zube gwiwa biyu, ya miƙa hannu biyu, aka sa masa hannu a ciki.

"Baba, barka da rana. Ga ni."



Hannun da ya riƙe mai laushi ne, da zobe. Hannun Baba kuwa kaushi ne da shi kamar bayan itace, basilla ta cinye yatsun. Sai a lokacin ya tuna: mai gida ba ya zama kan buzu ya bar babban baƙo a tabarma.

"Yaro," in ji Malam Kolo, "ni ne fa."

Wani abu ya faɗi a ƙasa, ƙarar takarda, jaridar ce.

Muryar Malam Alkasum ta taso daga wani wuri a bayansa. Ba faɗa a cikinta, ba ƙarfi. Mutari bai taɓa jin ta ƙanƙance haka ba.

"Wa kake ce wa Baba?"

Ba wanda ya motsa.

"Juyo. Juyo ka dube ni."

Mutari ya juyo a kan gwiwoyinsa, ido buɗe, hawaye na zuba.

"Baba," ya ce, "ƙara yin magana. Ban san ta inda kake ba."